Bayanin Hukunci ko Cin Zarafi? Ma'aunin Kotunan Turai ga Maganar Masu Wa'azi a kan Luwaɗi

A farkon watan Mayun 2001, wata ɗaya bayan Holan ta zama ƙasa ta farko da ta halatta auren jinsi ɗaya, wani shirin talabijin na ƙasar mai suna Nova ya watsa hira da Khalil el-Moumni, limamin masallacin An-Nasr da ke birnin Rotterdam, wanda asalinsa mutumin Maroko ne. A hirar ya siffanta luwaɗi da cewa cuta ce mai yaɗuwa, mai cutar da al'umma. Ƙasar ta ɗauki zafi. Jama'a da ƙungiyoyi suka kai ƙorafi, Firaminista Wim Kok ya fito ya soki maganar, masu gabatar da ƙara kuma suka gurfanar da limamin bisa dokar da ta hana cin mutuncin wani rukuni na mutane. A watan Afrilun 2002 kotun Rotterdam ta wanke shi, kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Hague ta tabbatar da hakan a watan Nuwamba. Alƙalan sun yarda cewa kalaman suna iya zama masu ciwo, amma suka ce limamin ya faɗe su ne yana bayanin abin da ya yi imani da shi na addini, kuma 'yancin addini ya rufe shi.

Tambayar da wannan shari'a ta taso da ita ba ta kwanta ba har yau: a ƙasar da dokarta ta amince da masu neman jinsi ɗaya kuma take kare su, ina iyakar abin da mai wa'azi zai iya faɗa a bainar jama'a? Musulmi miliyoyi suna zaune a waɗannan ƙasashe, limamansu suna hawa mumbari kowace Juma'a, kuma ɗalibi yakan ji amsoshi biyu masu karo da juna: wasu na cewa a Turai an ɗaure bakin malamai gaba ɗaya, wasu na cewa a can kowa yana faɗar abin da ya ga dama. Hukunce-hukuncen kotuna ba su gaskata ko ɗaya daga cikinsu ba.

Tushen doka

Yarjejeniyar Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan'adam, wadda aka sa wa hannu a Roma a 1950, ta tanadi 'yancin addini a sashe na 9, da 'yancin faɗar albarkacin baki a sashe na 10. Kowanne daga cikinsu yana da sakin layi na biyu da ya ba hukuma damar taƙaita shi saboda wasu dalilai, ciki har da kare haƙƙin wasu mutane. A shari'ar Handyside da Birtaniya ta 1976, Kotun Turai da ke Strasbourg ta kafa ƙa'idar da ake komawa gare ta har yanzu: kariyar ba ta tsaya ga maganar da ke daɗaɗa rai ba, ta haɗa da wadda ke ɓata rai, ko ta girgiza mai ji, ko ta dame shi. Abin lura shi ne Handyside ɗin kansa, mai buga littattafai, bai yi nasara a shari'ar ba. Kotu ta faɗi ƙa'idar, sannan ta bar wa Birtaniya hukuncinta. Tun daga ranar, ƙa'idar da togaciyarta suke tafiya tare.

Suwidin: shari'u biyu, sakamako biyu

Babu inda bambancin ya fito fili kamar Suwidin. Daga farkon 2003 dokar ƙasar da ta hana tunzura jama'a a kan wani rukuni ta soma aiki a kan masu neman jinsi ɗaya. A watan Yulin wannan shekara Åke Green, fasto a garin Borgholm da ke tsibirin Öland, ya yi wa'azi a cocinsa inda ya kamanta karkacewar sha'awa da ƙarin ciwon daji a jikin al'umma. Kotun farko ta yanke masa ɗaurin wata ɗaya a 2004. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, a watan Nuwamban 2005 kuma Kotun Ƙoli ta wanke shi. Hujjarta tana da ban sha'awa ga mai nazarin fiƙihu: ta ce idan lafazin dokar Suwidin kaɗai za a duba, wasu kalaman sun shiga cikin abin da aka hana, amma da yake a mumbari aka faɗe su, a cikin wa'azin da aka gina a kan nassin littafinsa, da wuya hukunta shi ya tsallake ma'aunin kotun Strasbourg.

A watan Disambar 2004 kuma wasu mutum huɗu suka shiga wata makarantar sakandare da ba su da alaƙa da ita, suka zuba takardu kusan ɗari a akwatunan ajiyar ɗalibai. Takardun sun ɗora wa masu neman jinsi ɗaya alhakin yaɗuwar ƙanjamau, sun kuma danganta ƙungiyoyinsu da neman sassauta lalata da yara. Kotun Ƙolin da ta wanke Green ita ce ta same su da laifi a 2006, kuma a watan Fabrairun 2012 kotun Strasbourg, a shari'ar da aka sani da Vejdeland, ta amince da hukuncin baki ɗaya. Abubuwan da ta dogara da su sun haɗa da ƙuruciyar waɗanda aka nufa, da cewa ba a ba su zaɓin karɓa ko ƙi ba, da cewa zarge-zargen masu nauyi ne kuma na ɓatanci, da kuma sauƙin hukuncin, domin ba wanda aka tura gidan yari. Mai zuwa coci ya zo da ƙafarsa, ya san abin da zai ji. Ɗalibin da ya buɗe akwatinsa bai nemi komai ba.

Birtaniya

Birtaniya ta bi ta hanya mai karkace kafin ta tsaya. A 2001 wani tsoho mai wa'azin titi, Harry Hammond, ɗan shekara 69, ya ɗaga allo a dandalin Bournemouth yana kira a daina luwaɗi da maɗigo. Mutane suka taru, aka watsa masa ruwa da ƙasa, 'yan sanda kuma shi suka kama. An ci shi tarar fam 300 a ƙarƙashin sashe na 5 na Dokar Zaman Lafiyar Jama'a ta 1986, wanda a lokacin ya haramta kalamai "na cin fuska". Ya rasu a 2002, Babbar Kotu kuma ta tabbatar da hukuncin a 2004. Masana da yawa, har da wasu masu fafutukar kare 'yan luwaɗi, sun ga rashin adalci a nan, domin ma'aunin ya koma fushin taron jama'a: wanda ya fi saurin harzuƙa shi ke rufe bakin abokin jayayyarsa. Bayan kamfen da Kiristoci masu ra'ayin riƙau da marasa addini suka haɗu a kansa, majalisa ta cire wannan kalma daga sashen a 2013.

Shari'ar da ta fi shafar Musulmi ita ce ta birnin Derby. A 2010, gab da wani jerin gwano na masu neman jinsi ɗaya, wasu mutane suka raba takardu a ƙofar masallaci, suka kuma jefa su cikin gidajen unguwa. Ɗaya daga cikin takardun tana ɗauke da hoton mutum-mutumi a rataye da igiya, da tambaya a kan hukuncin kisa. An gurfanar da mutum biyar, a watan Janairun 2012 aka sami uku da laifi. Ɗaya ya sha ɗaurin shekara biyu, biyu kuma wata goma sha biyar-biyar. Su ne na farko da aka hukunta da sabuwar dokar tunzura ƙiyayya saboda wannan dalili. Sun kāre kansu da cewa abin da addini ya ce suka isar. Amma dokar ba ta tambaya ko maganar tana da asali a littafi; sharuɗɗanta biyu ne, wato kalaman su zama na barazana, kuma a yi su da nufin tayar da ƙiyayya. Mutanen da suka tsinci hoton igiya a bayan ƙofarsu sun shaida wa kotu cewa tsoro ya kama su, masu taya alƙali yanke hukunci kuma suka gaskata su.

Amurka tana can gefe guda. A 2011 Kotun Ƙolinta, da rinjayen alƙalai takwas a kan ɗaya, ta kare 'yan cocin Westboro da suka ɗaga alluna masu munin gaske a kan 'yan luwaɗi kusa da jana'izar wani soja. Ba ƙasar Turai da ta kai nan.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Adalcin bincike yana buƙatar a kawo hujjar masu neman taƙaita magana yadda su da kansu suke kawo ta. Ba ɓacin rai kaɗai suke kuka da shi ba. Suna cewa siffanta mutane da cuta ko ciwon daji yana cire musu rigar mutuntaka a idon mai sauraro, kuma matashin da ya ji haka daga bakin wanda yake girmamawa zai iya ɗaukarsa izinin kai hari. Shirin da el-Moumni ya fito a ciki ma a kan tsangwamar da wasu matasa ke yi wa 'yan luwaɗi a tituna aka shirya shi. Suna kuma tuna cewa a zamanin Nazi an tura dubban irin waɗannan mutane sansanonin azaba, bayan an daɗe ana kiran su annoba. Raunin hujjar shi ne wahalar tabbatar da alaƙa tsakanin wata magana takamaimai da wani hari takamaimai, da kuma haɗarin cewa "cutarwa" ta faɗaɗa har ta haɗiye kowane saɓanin ra'ayi. Shari'ar Päivi Räsänen, tsohuwar ministar cikin gida ta Finlan, ta nuna wannan haɗari: saboda wani saƙon Twitter na 2019 da wani ɗan littafi da ta rubuta a 2004, ta yi shekaru tana zaryar kotu, kotuna biyu suka wanke ta a 2022 da 2023, masu gabatar da ƙara kuma suka wuce da ita Kotun Ƙoli. Ko da an wanke mutum, shekarun da ya yi a gaban alƙali kan sa na bayansa su yi shiru.

Abin da fiƙihu ya riga ya rarrabe

Haramcin luwaɗi ba abin saɓani ba ne a mazhabobi huɗu, kuma kotunan da aka ambata ba wannan suka zauna aunawa ba. Amma rarrabewa tsakanin bayyana hukuncin aiki da jifan mutum abu ne da malaman Musulunci suka tsananta a kansa fiye da yadda ɗalibai da yawa suke zato. Suratun Nur ta ajiye bulala tamanin ga mai ƙazafi da ya kasa kawo shaidu huɗu. A Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, an bayyana cewa wanda ya kira mutum da sunan mai luwaɗi haddin ƙazafi ya hau kansa, kuma Imam Malik (Allah Ya yi masa rahama) yana ganin haddi har a kan habaicin da aka fahimci manufarsa. Abu Hanifa, wanda bai ɗauki luwaɗi a matsayin zina ba, bai wajabta haddi a nan ba, amma bai sallami mai jifan ba. Ta'aziri ya ba shi. Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da munanan laƙabobi da binciken asirin mutane. Imam al-Gazali, a babin umarni da kyakkyawa na Ihya'u Ulumiddin, ya sharɗanta cewa abin da za a hana ya kasance bayyananne ba tare da leƙen asiri ba. Zartar da haddi kuwa haƙƙin shugaba ne da alƙalinsa, ba na mai raba takarda ba.

Idan aka ɗora shari'ar Derby a kan wannan ma'auni, mutanen ba su tsira ba: sun ɗauko hukuncin da ke da sharuɗɗa masu tsauri da majalisar alƙali, suka mayar da shi hoton tsoratarwa a ƙofar maƙwabta, a ƙasar da suke zaune bisa amana. Malaman Malikiyya, irin su al-Ƙurɗubi, sun kafa hujja da aya ta 108 ta Suratul An'am, wadda ta hana zagin abin bautar mushirikai don kada su rama da zagin Allah, a kan toshe hanyar ɓarna. Wannan bai mayar da ma'aunin Strasbourg ya zama na shari'a ba. Ɗaya daga 'yancin mutum ya taso, ɗayan daga kiyaye mutunci da harshe. Sun dai haɗu a kan tambayoyi iri ɗaya: wa aka nufa, a ina aka faɗa, da wane lafazi, kuma me zai biyo baya. A Nijeriya, inda dokar 2014 ta fuskanci ɗaya gefen, babin ƙazafin ne ya fi buƙatar tunatarwa, ganin yadda ake jefa wannan zargi a kafafen sada zumunta a kan abokin hamayya ba tare da shaida ko ɗaya ba.

Rumfa ɗaya

Akwai wani ɓangare da ba ya yi wa Musulmin Turai daɗi. Pim Fortuyn, ɗan siyasar Holan wanda bai ɓoye cewa shi mai neman maza ne ba, bai goyi bayan a rufe bakin limamai ba. Ra'ayinsa shi ne a bar kowa ya yi magana, shi ma a bar shi, kuma a watan Fabrairun 2002 ya yi amfani da wannan dama ya kira Musulunci al'ada mai ci baya. Sashe na 10 da ke kare mai wa'azi shi ne kuma mai sukar addini yake fakewa da shi, ko da yake kotun Strasbourg ta nuna a 2018, a shari'ar E.S. da Ostiriya, cewa ƙasa tana iya hukunta wanda ya ci zarafin Manzon Allah (SAW). Dokar Birtaniya ta jera abubuwan biyu kafaɗa da kafaɗa. Sashe na 29JA, wanda aka ƙara a 2008, ya ce sukar wata ɗabi'ar jima'i ko kiran mutane su bar ta, a kan kansa, ba barazana ba ne. A 2013 aka shigar da sukar auren jinsi ɗaya a ciki. Sashen da ke samansa kai tsaye, 29J, wanda ya zo da dokar 2006, shi ne ya ba da damar suka da ba'a, har da zagi, ga addinai da ayyukan mabiyansu.