Yadda Za Ka Gyara Memori Idan Gem Yana Rufewa Da Kansa A Kwamfuta

A nan Ƙofar Marusa cikin Katsina, abokai kan kawo mini laftof suna ƙorafin GTA V ko PES yana rufewa ana tsakiyar wasa, wani har ya fara neman mai saye. Kafin ka sayar da taka a asara, duba wannan, domin sau da yawa kwamfutar lafiyarta ƙalau, RAM ce ke cika.

RAM kamar teburin tela take, duk abin da ake aiki da shi a kai yake. Idan ta cika, Windows yana aron wuri a hadis, cikin wani fayil mai suna pagefile.sys. Irin dabarar da ka sani ce a waya: RAM Plus a Samsung, MemFusion a Infinix. Idan an kashe wannan fayil ko an ƙuntata shi, gem zai nemi wuri ya rasa, sai ya fita.

Da farko ka tabbatar. Gem yana buɗe, danna Ctrl, Shift da Esc tare, shiga Performance, sannan Memory. A ƙarƙashin Committed akwai lambobi biyu. Idan ta farko ta kusa kamo ta biyu, ka gano matsalar.

Ga yadda ake gyarawa a Windows 10 da 11:

1. Danna maɓallin Windows da R, rubuta sysdm.cpl, danna OK.
2. Shiga Advanced, danna Settings na ƙarƙashin Performance.
3. Sake shiga Advanced, danna Change.
4. Cire alamar da ke kan Automatically manage, zaɓi C, sannan Custom size.
5. Mai RAM 4GB ya sa 6144 a sama, 12288 a ƙasa. Mai 8GB ya sa 12288 da 24576.
6. Danna Set, sannan OK, ka kashe kwamfutar ka kunna.

Lissafin shi ne: 1GB daidai yake da 1024MB, sai ka ninka RAM ɗinka sau ɗaya da rabi a gidan farko, sau uku a na biyu. Ka tabbata akwai isasshen fili a C, kuma kada ka zaɓi No paging file.

Amma ka sani, wannan gyara yana hana rufewa ne, ba ya ƙara gudu, domin hadis bai kai RAM sauri ba, ko da SSD ne. GTA V yana tashi da 4GB, amma 8GB kamfanin Rockstar ya ba da shawara. In da hali, ƙara RAM shi ne maganin dindindin.

Idan kuwa kwamfutar gaba ɗaya ke mutuwa, ba gem kaɗai ba, ka zargi zafi. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin Afrilu ya ƙarasa sauran. Kai ta a share fankar, kuma ka daina ɗora ta kan katifa.