Mula-mula: Yadda Ake Shaida Tsuntsun Duwatsun Azbin

Duk matafiyin da ya yada zango a duwatsun Azbin, arewa da Agadas, da wuya ya tashi bai ga wani ɗan baƙin tsuntsu tsaye bisa dutse yana rera kuka ba. Buzaye suna kiransa mula-mula, suna kuma ɗaukar zuwansa alamar alheri. Masana kuwa sun san shi da sunan Oenanthe leucopyga, kuma wani Bajamushe, Christian Ludwig Brehm, ne ya bayyana kamanninsa a shekarar 1855.

Tsawonsa kimanin santimita 17 ne. Jikinsa baƙi ne wuluk, amma gindin bayansa da ƙarƙashin wutsiyarsa farare ne fat. Abincinsa ƙwari ne, waɗanda yakan hango daga kan dutse ya diro ya cafke. Yana yin sheƙa a kogon dutse ko ramin bango, ya tara tsakuwa a bakinta.

Abin da ya fi jan ido a jikin babba shi ne farin gashin da ke tsakar kansa, kamar ya sa farar hula. To, a nan ne ɗalibai da yawa suke yin tuntuɓe. Wanda bai cika shekara ba kansa baƙi ne gaba ɗaya. Wasu sukan zaci mace ce, alhali mace da namiji duka suna samun hular in sun girma. Wasu kuma sukan ɗauke shi ɗan'uwansa ne, Oenanthe leucura, mai baƙin kai har abada, wanda mazauninsa ke can Sifen da Maroko da Aljeriya da Tunisiya.

Wutsiya ce ke raba gardama, kuma ba a ganinta sosai sai tsuntsun ya tashi. Ta mula-mula fara ce, sai baƙin layi a tsakiya, wani lokaci da 'yan ɗige-ɗige a bakinta. Ta ɗan'uwan nasa kuwa tana da baƙin layi mai faɗi da ya ratsa bakinta daga gefe zuwa gefe.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin da rahoton masu lura ake zana taswirar mazaunin tsuntsaye. In aka rubuta suna bisa kuskure, sai a ba wani tsuntsu ƙasar da ba tasa ba, masu bincike na baya su gaji kuskuren. Saboda haka mai lura ya yi haƙuri, kada ya sa alƙalami a takarda sai tsuntsun ya buɗe wutsiya.