Fata da Ƙaho da Kan Namun Daji: Abin da Doka Ta Ce Kafin Ki Sayar

Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga matan Balan da Kademi da Shagogo da cikin garin Gaya, da na Ajingi da Balare da Toranke da Gafasa, domin zancenmu na yau ya fi shafar gidaje irin naku.

Kun san da zarar kaka ta wuce, an zuba amfani a rumbu, daji ya bushe, sai a fara jin gangar farauta. Maza su fita da karnuka da gora da adaka, wasu su kwana ɗaya, wasu su yi nisa su share makonni. Idan sun dawo, nama kam kwana biyu ya ƙare. Abin da yake saura shi ne fata da ƙaho da kai da gashi da kitse, kuma a hannunmu mata suke zama. Mu ke shanyawa, mu ke adanawa a ƙarƙashin gado, ranar da kuɗin cefane ya yanke kuma mu ne za mu ba dillaliya ko mu ɗora wa yaro ya kai kasuwa.

To, 'yar uwa, abin da nake so ki riƙe yau shi ne wannan: doka ba ta tsaya a kan wanda ya harba kaɗai ba. Ta haɗa da wanda ya ajiye, da wanda ya sayar, da wanda ya saya. Kina cikin ɗakinki, ko ƙofar gida ba ki leƙa ba, amma abin zai iya biyo ki har tsakar gida.

Bari mu fara da irin kayan da ake magana a kai. Akwai sana'ar da ake feɗe dabba a hankali, a jeme fatar, a cusa mata auduga ko busasshiyar ciyawa ko soso, a sa mata idon kwalba, ta tsaya kamar mai rai. Turawa sun shahara da ita, suna kafa kan ɓauna ko na gwanki a bangon falo. Mu ma muna da irin tamu. Ga kan burtu da maharbi yake ɗaurawa a goshi yana rarrafe don ya yaudari namun daji. Ga ƙahon barewa a zaure, ga fatar damisa ko ta kura a rigar ɗan tauri, ga jaka da takalmi na fatar mesa ko ta kada irin waɗanda aka daɗe ana gani a kasuwar Kurmi. A wurin doka duk tafiyarsu ɗaya. Ko dabbar tana raye, ko ta mutu shekara ashirin, ko farcenta kaɗai ya rage, hukuncinta yana nan a kanta.

Dokokin nan kuwa hawa uku ne.

Hawa na farko ita ce dokar namun daji ta Jihar Arewa ta shekarar 1963, tun zamanin Sardauna, wadda jihohin Arewa suka gada. Ita ce ta ware dabbobin da ba a taɓa su sam, da waɗanda sai da lasisi. Ta kuma hana farauta a dajin da gwamnati ta keɓe, irin su Falgore da ke kudancin Jihar Kano, ko Baturiya ta wajen Haɗeja. Dabbar da aka kashe a irin wannan daji ba da izini ba, fatarta ba ta halattar ciniki, ko da kuwa gada ce.

Hawa na biyu ita ce dokar tarayya mai lamba 11 ta shekarar 1985, wadda aka yi don kare dabbobin da suke neman ƙarewa. Ta zo da jeri biyu. Jeri na farko su ne waɗanda aka haramta farautarsu da kama su da cinikinsu ɗungurungum. A yadda aka fara rubuta ta, a ciki akwai zaki da damisa da raƙumin dawa da ɗan kunya da ayu da aku da mikiya da kada da mesa da guza, har da damo. E, damon nan da yara suke haƙowa a bayan gari, shi ma yana ciki. Jeri na biyu su ne waɗanda ba a cinikinsu sai da lasisi, kamar dorina da jimina da burtu da gauraka da shamuwa da ungulu. Zomo da gafiya da fakara ba sa cikin jerin nan biyu. Sai dai a sani, idan dabba ta ƙara ƙaranci akan ƙara tsananta kariyarta, saboda haka abin da maigida ya sani tun yana saurayi ba lalle ne yana nan yadda yake ba. Haka kuma wannan doka ta hana farauta da guba, ko cinna wa daji wuta, ko dallare dabba da fitila da dare, ko bin ta da mota.

Da can tarar laifin farko a kan dabbobin jeri na farko naira 1,000 ce, wanda ya sake kuma ɗaurin shekara ɗaya ba zaɓin tara. Naira dubu ta zama ba a bakin komai ba, masu fasa-ƙwauri suna biya suna dariya. Sai a shekarar 2016 aka gyara dokar, tarar ta koma naira miliyan 5. A shekarar 2025 kuma majalisar wakilai da ta dattawa suka amince da wani sabon ƙudiri mai hukuncin da ya fi wannan tsanani, wanda ɗaurinsa zai iya kai shekara 10. Bayan tara ko ɗauri, kotu tana da ikon ƙwace kayan. Ki auna da kanki, uwargida: fatar da za a ba ki 'yan dubbai a kanta, ga abin da take iya jawowa. Gona nawa za a sayar a biya?

Hawa na uku yarjejeniya ce ta ƙasashen duniya da ake kira CITES, wadda aka ƙulla a birnin Washington na Amurka a 1973, ta fara aiki a 1975. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fara shiga, yanzu kuma ƙasashe fiye da 180 ne a ciki, har da Nijar da Saudiyya. Ita wannan aikinta a bakin iyaka ne da filin jirgi. Duk wani sashe na dabbar da aka lissafa ba ya ƙetare ƙasa sai da takardar izini, a nan Nijeriya kuma ma'aikatar muhalli ta tarayya ce take bayarwa. A ƙarƙashin wannan yarjejeniya aka hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe a 1989, aka sa ayu a jerin da ya fi tsanani a 2013, aka sa ɗan kunya da aku mai jar wutsiya a 2016.

Ina jan hankalin masu niyyar Hajji ko Umara a nan. Mun saba a ƙulla wa hajiya 'yan kaya ta kai can a sayar, ko a ba ta saƙo a ɗaure ta kai wa wani. Jakar fatar mesa guda ɗaya ta isa a tsayar da ke a filin jirgi. Kada ki karɓi ƙunshin da ba ki kwance kin ga cikinsa ba, ko na wane ne.

Kada kuma wata ta ce ai dokar takarda ce kawai. Akwai hukumar kula da dokokin muhalli da ake kira NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana aiki tare da jami'an kwastan. A watan Oktoba na 2023 gwamnati ta ƙone kusan tan 4 na ɓawon ɗan kunya a Abuja, haɗe da fatun damisa da na mesa da na kada da aka kama. A watan Janairu na 2024 aka niƙe hauren giwa kimanin tan biyu da rabi. Duk kayan nan wasu ne suka zuba jarinsu a ciki, ya tashi a toka. Sauran ƙasashe ma haka abin yake. A Amurka, inda sana'ar cusa fata ta fi ƙarfi, akwai dokar 1918 da ta hana maharbi sayar da tsuntsayen daji masu ƙaura, ko da da lasisi ya harbo su. Ya ajiye a ɗakinsa ya yi ado, amma ba ya kai kasuwa. Kin ga ke nan izinin harbi daban, izinin sayarwa daban.

Wata za ta ce, wai shin me ya yi zafi haka a kan naman daji? Tambayi tsofaffin gidanku irin dabbobin da suka taso suka gani a dajin ƙasar Gaya, sannan ki tambayi 'ya'yanki wanne suka taɓa gani da idonsu. Zakunan da suka rage a dazukan Nijeriya duka ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji. Giwaye ba su kai 500 ba. Ungulu da a da take cika mahauta ranar kasuwa, yau sai a yi shekara ba a ga ɗaya ba, kuma cinikin kanta da sassan jikinta don magani yana cikin manyan dalilai. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ga shi ita ce mai share mana mushe kyauta. A ƙasar Indiya, da ungulaye suka kusa ƙarewa a shekarun 1990 saboda wani maganin shanu da yake kashe su, sai mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru.

Yanzu bari in taɓo wanda ya fi kusa da mu, mu yi maganarmu ta mata. Dillaliya takan shigo da 'yar kwalba a ƙullin zane, ta rage murya ta ce man ayu ne, ko man damo. Ayu dabba ce ta ruwa mai shayarwa, tana zaune a kogin Neja da Binuwai. Takan yi kimanin shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya, sannan ta daɗe kafin ta sake. To ɗayan biyu ne. In man na jabu ne, kin zubar da kuɗinki, kin kuma shafa wa jikinki abin da ba ki san mene ne ba. In na gaske ne, an kashe dabbar da doka ta haramta, ke kuma kin zama mai saye. Masu sarin kayan mata a cikin gida, ku duba kwandunanku da kyau.

Akwai tambayar da takan taso a gidajen maharba, musamman wajen rabon gado. Maigida ya rasu ya bar fatar damisa ta tun kakanni, ga marayu, ga wani ya zo yana tayi da tsada. A sayar? Amsa ita ce, tsufan fata ba ya halatta cinikinta da kansa. Wanda zai kama ba shi da hanyar sanin shekarunta sai ta takarda, takarda kuwa hukuma ce take bayarwa. Kada a karɓi ko sisin kwabo sai wani namiji a cikin magada ya je ya ji ta bakin hukuma. Mai sayen da ya ce a yi shiru, a kawo masa da dare, ya riga ya gaya muku matsayin cinikin.

Ga tambayoyi uku da za ki yi kafin irin wannan kaya ya shigo ɗakinki ko ya fita. Wace dabba ce? A wane daji aka same ta, kuma ta yaya? Ina takarda? In ɗaya daga ciki ba ta da amsa, a dakata.

Na san ba kowace mace ce za ta iya tsayar da maigida ta yi masa tambaya kamar alƙali ba, ban kuma ce a yi haka ba. Ki bari ya ci abinci ya huta, sannan ki ce, Malam, na ji a rediyo an ce tarar fatar mesa ta kai miliyoyi, ko za a tambaya mana kafin a kai ta kasuwa? Wurin tambaya ba nisa. Akwai malamin daji a sashen gona na sakatariyar ƙaramar hukuma a Gaya ko Ajingi. Akwai sarkin baka da mai unguwa da dagaci da za su yi masa jagora. A birni kuma akwai hukumar da take kula da gidan zu na Audu Bako da namun dajin jiha. Matambayi ba ya ɓata.

Abu ɗaya dai nake roƙonku da shi, don Allah: kada a aiki yaro da irin wannan kaya. Yarinyar da take kai miki tallan ƙuli-ƙuli ba ta san bambancin fatar akuya da ta damisa a cikin buhu ba. In aka tare ta a hanya, ita za ta sha firgici, kafin a zo kan manya.

Mai son sana'ar fata kuwa, ƙofa a buɗe take. Fatar akuya da ta tunkiya da ta sa ba su da wata matsala, kuma da su Kano ta yi suna tun zamanin fatake. Fatar ragon layya in aka jeme ta da bagaruwa ta zama buzu. Dukawa suna neman masu yi musu ɗinkin tumtum da jaka da ado a cikin gida. Cinikin da za ki yi da rana tsaka, ki ƙirga kuɗinki a gaban kowa, shi ne mai albarka.

A nan za mu dasa aya. Wadda ta ji ta gaya wa abokiyar zamanta da maƙwabciyarta, musamman matan maharba da dillalai. Allah ya tsare mana mazajenmu a daji da gida, ya ba mu halak ɗinmu komai ƙanƙantarsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.