Fatar Yau Ba Ita Ce Ta Watan Jiya Ba

Kun san dauɗar nan da ke murjewa idan kun cuɗa jiki? Yawancinta matattun ƙwayoyin fata ne. Can ƙasan fata sababbi ke fitowa, su riƙa turo tsofaffi sama har su bushe su zube. Zagayen kan ɗauki kamar kwana 28.

To, launi ma daga can ƙasan yake. Sinadarin melanin ne, garkuwarmu daga rana. Shi ya sa mai bilicin na daina shafawa, baƙinta ke dawowa. Ribar da ta ci? Man mai sitiroyid kan mai da fata shara-shara, rauni ya daɗe bai warke ba. Mai sinadarin zaiba kuma ya taɓa ƙoda. 'Yan'uwa, ku bar fata ta yi aikinta.