Hafsan Ruwa Mai Tuƙi a Sama

Duk alhajin da ya ɗaura harami a Zul-Hulaifa, kusa da Madina, ya taka kwarin Aƙiƙ, ko ya sani ko bai sani ba, kuma wanda ya dubi busasshen yashin nan, wanda ba ya gudana sai an yi ruwan sama mai ƙarfi, da wuya ya kawo a ransa cewa wurin yana da nasaba da yaƙin teku. Alhali kuwa daga Madina ne Sayyidina Usmanu ya ba Mu'awiya izinin da Sayyidina Umaru ya hana shi, na ɗora Musulmi bisa jiragen ruwa, har aka kai ga gwabzawar Zatus-Sawari da Rumawa wajen 655 Miladiyya. Da Saudiyya ta ƙulla cinikin jiragen yaƙi da Faransa a 1980, Sawari aka kira yarjejeniyar, na farkonsu kuwa aka raɗa masa Al-Madina, aka yi masa dandamali a baya don jirgi mai saukar ungulu samfurin Dauphin. Matuƙin wannan jirgi shi ne abin zancenmu.

Shi dai almajiri ne na makaranta biyu. Saurayin da ya tashi a Madina da wannan buri sai ya ratsa ƙasar zuwa Jubail, kwalejin sojan ruwa ta Sarki Fahad, ya koyi taswirar teku da hisabin tafiya da ladabin zaman jirgi, ya sami anininsa, sa'an nan a auna idonsa da ƙirjinsa a tura shi koyon tuƙi. Daga nan ya daɗe a kujerar mataimaki, ana rubuta sa'o'insa na tashi ɗaya bayan ɗaya, kafin a amince masa da jirgi da rayukan da ke ciki.

Tashi ba shi ne wahalar ba, sauka ce. Matuƙin tudu yana komawa ya tarar da filinsa inda ya bar shi. Na ruwa kuwa, bayan ya gama farautar jirgin ƙarƙashin teku ko tsamo wanda ya faɗa ruwa, sai ya iske masauƙinsa ya yi gaba, yana tangaɗi, ga duhu, ga mai yana ƙarewa. Sai ya tsaya cik a iska daura da jirgin, yana lura da numfashin igiyar ruwa, har dandamalin ya natsu na ƙiftawar ido, ya dira, wata ƙugiya daga cikin jirginsa ta cafke ragar ƙarfen da ke ƙasa. Ni a ganina haƙuri ya fi jarunta amfani a nan. Ba kuma mafaka ba ce wurin: daidai bayan jirgin Al-Madina ne kwalekwalen 'yan tawayen Houthi ya fashe a Bahar Maliya ran 30 ga Janairu 2017, sojan ruwa biyu suka rasu.

Mu ma muna da namu. Ɗan Kano ko Katsina yakan fara daga makarantar hafsoshi ta Kaduna, inda babu teku ko a mafarki, ya ƙare a sansanin Ojo a Ikko, wanda ya soma da jirage samfurin Lynx a shekarun 1980. In girma ya zo, aka ba shi jagorancin runduna, sai a raba shi da sandar tuƙi sannu a hankali, a miƙa masa alƙalami, ya koma sa hannu a takardun tashin yaran da ya horar.