The Samaritans: Siyasar Ƙungiyoyin Agaji a Wasan Kwaikwayon Kenya

The Samaritans wasan kwaikwayo ne mai dogon zango da Hussein Kurji ya ƙirƙira a Nairobi, babban birnin Kenya, ya fara fitowa a 2013. An tsara shi kamar shirin gaskiya, kyamara tana bin ma'aikata cikin ofis, su kuma su juyo su yi mata bayani, salon da The Office na Ingila ya yi fice da shi. Jama'a ne suka tara wani ɓangare na kuɗin shirya shi ta Kickstarter.

Labarin wata ƙagaggiyar ƙungiyar agaji ce mai suna Aid for Aid, wadda ba ta tsinana wa kowa komai. Aka turo mata sabon shugaba, Scott, matashin Ba'amurke mai takardun digiri amma bai san ƙasar ba, aka ɗora shi a kan 'yan ƙasa da suka fi shi sanin aikin. Abin da ke gabansu shi ne neman wani tallafi mai tsoka, kuma tun ba su san abin da za su yi da kuɗin ba suka duƙufa neman sunan da zai burge masu bayarwa.

A nan ƙarfin wasan yake. Barkwanci ne, amma tambayar da yake yi mai nauyi ce: wa ƙungiyar agaji take wa aiki? Kuɗi daga waje suke zuwa, rahoto can yake komawa, kuma can ake yanke shawarar wanda zai shugabanci ofis. Talakan da aka karɓo kuɗin da sunansa ba shi da ta cewa, shi ya sa kusan komai na wasan a ofis yake faruwa, tsakanin taro da rubuta takardu.

Nairobi ta dace da wannan labari. Hedikwatar hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana unguwar Gigiri, ga ofisoshin ƙungiyoyi birjik masu aiki a Somaliya da Sudan ta Kudu.

Ƙorafin bai tsaya a allon talabijin ba. A taron jin ƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu ba da tallafi sun yi alkawarin miƙa kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji ga ƙungiyoyin cikin gida kafin 2020, wa'adin ya cika ba su cika alkawarin ba. A Kenya kuwa, dokar ƙungiyoyin amfanin jama'a da aka zartar a 2013 sai a watan Mayun 2024 ta fara aiki.