Faifan Garmaho Ya Dawo: Ina Rabon Makaɗan Arewa?

A 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a Amurka, na CD kuwa miliyan 33, bisa ƙididdigar ƙungiyar kamfanonin waƙa ta RIAA. Rabon da garmaho ya sha gaban CD a can tun 1987. Cikin waɗanda suka riƙe wannan baƙin faifai lokacin da duniya ta juya masa baya akwai masu kiɗan house da techno, wato kiɗan na'ura da baƙaƙen fatan Chicago da Detroit suka ƙirƙiro a shekarun 1980. Har gobe haka suke yi: makaɗa biyu ko uku su haɗa gwiwa, ƙaramin kamfani ya buga kwafi 'yan ɗaruruwa, masu kaɗa faifai a gidajen rawa na Berlin da Landan su wawashe.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Abin da manhajojin sauraren waƙa ke biyan ƙaramin makaɗi bai taka kara ya karya ba, faifai kuwa kuɗinsa a dunƙule yake shigowa. Sannan mai kaɗa faifai kullum neman amon da abokin hamayyarsa bai taɓa ji ba yake yi. Wannan ƙishirwa ce ta juyo da kunnen Turawa zuwa yankinmu.

Kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke Portland a Amurka, shi ya fi kowa shiga wannan fage. A 2013 ya sake fitar da kiɗan da Mamman Sani na Yamai ya ɗauka a kaset tun 1978 da fiyanon lantarki ƙirar Italiya, kiɗan da mutanen Nijar suka saba ji a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri. A shekarar dai ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Kano da aka kaɗa da fiyano. Kundin Anar, wanda makaɗin Nijar Mdou Moctar ya ɗauka a wani situdiyo a Sakkwato a 2008, sai a 2014 ya hau garmaho, bayan ya gama yawo daga waya zuwa waya. A 2019 kundin Houmeissa na Hama, shi ma ɗan Nijar, ya biyo baya, inda matashin ya ɗora karin waƙoƙin makiyayan Sahara a kan bugun kwamfuta mai kama da techno. Abin lura shi ne, fiyanon Yamaha da ake yi wa kallon raini a gida, ana cewa ya kashe kalangu da kukuma, shi ne 'yan waje ke sayen amonsa da dala.

To, wa ke jin wannan faifai a gida? A kudancin Katsina, daga Ƙanƙara zuwa Faskari da Sabuwa, garmaho ya zama labarin dattawan da suka ji Mamman Shata na Funtuwa a kansa. Yau waƙa a memori take zaune. Za ka ga mai tura waƙa ranar kasuwa a ƙarƙashin rumfa, da tsohuwar kwamfuta da ɗan janareto, wayoyi jere a gabansa suna caji. Yaro ya miƙa memori ya ce a cika masa da sababbi, ya biya kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. A Satumban 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda 'yan bindiga, har da waɗannan uku, wannan sana'a da Bluetooth su suka ci gaba da kai wa mutane waƙa. Hanya ce mai juriya, amma sisi ba ya komawa ga mawaƙi, kuma ranar da memori ya lalace ko kwamfutar situdiyo ta ƙone, aikin ya tafi ke nan.

Nan amfanin faifan waje yake, kuma ba na raina shi. Ya adana abin da da ya salwanta, ya rubuta sunan mai aiki a bango, ya buɗe ƙofa: Mamman Sani ya yi wasa a Turai da furfurarsa, Mdou Moctar ya kai ga kamfanin Matador na New York. Sai dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ke zaɓe. Kunnen baƙo ne ke yanke hukuncin wace waƙa ta cancanci a adana, kuma yakan karkata ga abin da ya ba shi mamaki, ko da masu harshen suna da wadda suka fi ƙauna. Da wuya mai sayen Harafin So a Jamus ya san abin da baitocin ke faɗa; bugu yake bi. In aka daɗe a haka, matashin makaɗi zai fara tsara kiɗansa don kunnen Berlin, ya rage kalma ya ƙara bugu, alhali ƙarfin waƙar Hausa a magana yake.

Makaɗin Funtuwa ko Malumfashi da wani kamfanin waje ya nemi haɗin gwiwa da shi, ya kamata ya riƙe asalin abin da ya ɗauka a hannunsa, ya nemi yarjejeniya a rubuce da ta faɗi kasonsa da shekarun da kamfanin zai riƙe haƙƙin mallaka. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Katsina kuma suna iya fara tattara abin da ke cikin kwamfutocin situdiyoyi da na masu tura waƙa tun yanzu, kafin su lalace.